Baba Sau Uku

Na hau tudun Dukku bayan la'asar,
kamara a wuya, mai ƙafa uku a kafaɗa,
da sabon gilashin da na ci bashi na saya,
mai tulun ido irin na kwaɗo,
wanda mai shago ya rantse mini
ba ya barin kowa a waje.

Sahabi ne ya aiko daga Ikko.
Shekara shida rabonsa da fadama,
yana son ta ɗungurungum, ba yanki-yanki ba,
daga bakin gulbi har giginyar iyaka,
ya wanke ya manna a bangon ɗakin haya.

To, ga ta can ƙasa.
Shinkafa kore shar har ido ya gaji,
injin ban-ruwa na tari daga nesa,
balbelu warwatse kamar buhun auduga ya fashe.

Duk haɗamar gilashin nan
bai iya yi mata loma ɗaya ba.
Sai na kafe ƙafa, na riƙe numfashi,
na soma juyawa daga hagu,
ƙyas, in gusa, ƙyas, in gusa,
kowane hoto na hawa gefen ɗan'uwansa
yadda ake ɗora bunu kan bunu a jinka
don kada ruwa ya sami kafa.
Sau tara.
Rana ta jira ni har na gama.

Da dare na miƙa wa kwamfuta ɗinkin.
Ƙarshen sama ya lanƙwashe kamar bakin ƙwarya,
giginya ta kishingiɗa,
jakin Ige da ke can gefe
ya yi tsawon kwalekwale.
Halin idon ke nan:
na tsakiya ya tsira da kamanninsa,
na gefe shi ake ja.
Wannan kam na san shi tun ban riƙe kamara ba.

Ba shi ya tsayar da ni ba.
Baba ne.
Ashe sa'ad da nake juyawa shi ma yana tafe
bisa kunya, taki ɗaya da ni.
Ga shi a hagu, duƙe, yana buɗe wa ruwa hanya.
Ga shi a tsakiya, fartanya a kafaɗa.
Ga shi kuma a dama, daidai bakin ɗinki,
hula, kafaɗa, hannu ɗaya,
sauran jikin shinkafa ta shanye.

Na ɗora yatsa zan goge biyu,
aikin da bai kai shan ruwa ba,
sai ga shi a bayana yana gyara tabarau.
"Wanga wa na?"
Na ce kai ne.
"Wanga hwa?"
Kai ne, Baba.
"Har da guntun ga?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya dafa bango, ya share ido.
"Bar su. Aika mai hakanan,
shi gani da idonai
mutum nawa ka aikin gonag ga tun da yat tahi."

Na aika.
Kwana biyu shiru,
alhali alamar an gani ta fito tun daren.
Ran na uku, bayan asuba, saƙo ya shigo.
Bai yi zancen gulbi ba,
bai tambayi abin da ya sami jakin Ige ba.
Layi ɗaya ne:
na damar nan, me ya sa ya zama rabi?

Na zauna na rubuta masa bayani,
yadda hoto ke hawa kan hoto,
yadda mai motsi ke faɗawa tsakanin ɗinki,
ba wani abu ba ne, kuskuren na'ura ne.
Na karanta sau biyu.
Ta taga ina jin Baba yana neman takalminsa,
yana wannan tarin.

Na goge duka.
Na rubuta: girbi saura wata biyu,
kuma motar Birnin Kebbi kullum tana tashi.